Yadda Ake Auna Mai Cafke Ƙwallon da Ba a Zaɓa ba a Gasar NFL

A ƙarshen watan Afrilun kowace shekara, ƙungiyoyi 32 na gasar ƙwallon ƙafar Amurka ta NFL kan kwashe kwana uku suna zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, a zagaye bakwai, inda akan kira sunayen mutum 250 da 'yan kai. Da zarar an kira suna na ƙarshe a ranar Asabar, sai wayoyi su ɗauki ruri, domin kowace ƙungiya tana son cike gurbin 'yan wasa 90 da doka ta yarda ta shiga sansanin atisaye da su, kuma daga cikin waɗanda aka tsallake take cikewa. Masu cafke ƙwallo, wato 'yan wasan da ke tsayawa a gefe su ruga gaba domin mai jifa ya wurgo musu ƙwallo, suna cikin waɗanda aka fi ɗiba a wannan lokaci, saboda atisaye yana cin ƙafafu da yawa. Mafi yawansu ba sa kaiwa watan Satumba. Amma daga cikinsu ne aka sami Drew Pearson, da Rod Smith, da Wes Welker, da Victor Cruz, da Doug Baldwin, da Adam Thielen.

Wanda ke son ya bambance mai makoma daga ɗan cike gurbi yana da tambayoyi biyu a gabansa: me ya sa ƙungiyoyi 32 suka wuce shi har sau bakwai, kuma ta wace ƙofa zai shiga cikin mutum 53 da za a bari a ƙarshen Agusta? Duk matakan da ke tafe a kan waɗannan biyun suke.

Mataki na farko: gano dalilin da ya sa aka tsallake shi

Kada ka fara da zaton cewa masu farautar 'yan wasa sun yi kuskure. Mutane ne da ke yawo jami'a-jami'a tsawon kaka, suna zama da kociyoyi da likitoci, kuma galibi idan suka bar ɗan wasa suna da hujja. Aikinka shi ne ka fito da hujjar fili, sannan ka auna ko irin wadda ke gushewa ce ko mai zama daram.

Dalili mafi daɗi ga mai nazari shi ne ƙarancin gani. Adam Thielen ya yi wasa a Minnesota State da ke Mankato, makarantar da ke rukuni na biyu na wasannin jami'o'i, ba a gayyace shi babban taron gwaji na Indianapolis ba, sai da ya je ƙaramin gwajin yanki, sannan a 2013 ya shiga ƙungiyar Vikings ta hanyar gwajin 'yan kwanaki a sansanin sababbin 'yan wasa. Rod Smith daga Missouri Southern ya fito, Miles Austin kuma daga Monmouth. Irin waɗannan ba a ƙi su don an gan su sun gaza ba. Ba a dai gan su gaban abokan karawa masu ƙarfi ba ne.

Dalili na biyu rauni ne. Rashid Shaheed na jami'ar Weber State ya tsinke jijiyar gwiwa a ƙarshen kakarsa ta 2021, don haka bai sami damar nuna gudunsa a gaban agogo ba kafin zaɓen 2022. Da ya warke a ƙungiyar Saints, taɓa ƙwallonsa na farko a gasar ya zama gudun yadi 44 har cikin gidan abokan hamayya, wato yankin ƙarshen fili inda ake cin maki. A nan abin dubawa shi ne ko raunin na lokaci ɗaya ne, ko kuwa gaɓa ɗaya ce ke ta maimaita ciwo shekara da shekaru. Tsokar bayan cinya da ke yawan tashi ta fi tsinkewar jijiya sau ɗaya ban tsoro ga mai cafka.

Na uku shi ne jiki da agogo: gajere ne, ko siriri, ko gudunsa bai burge ba. Welker bai wuce santimita 175 ba. Wannan dalili ba ya gushewa, domin mutum ba ya ƙara tsawo bayan shekara 22, amma ana iya zagaye shi idan akwai matsayin da ya dace da ɗan wasan.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne muni, shi ne ɗan wasan da ya fito daga babbar jami'a, kowa ya gan shi, lafiyarsa ƙalau, yana da tsawo da gudu, amma duk da haka aka bar shi. Idan ka ga haka, to akwai abin da ke ƙasa: ko ƙwallo na zame masa, ko ba ya riƙe tsarin wasa a ka, ko kociyoyinsa sun faɗi wani abu game da halinsa. A ra'ayina, irin wannan ne ya fi yaudarar 'yan kallo, domin shi ne ya fi kyau a hoto.

Mataki na biyu: karanta alƙalumansa na jami'a da lura

Yawan yadin da ɗan wasa ya tara ba ya faɗin komai shi kaɗai, domin wasu jami'o'in suna jifa sau hamsin a wasa, wasu kuwa ba sa kaiwa ashirin da biyar. Abin da ya fi amfani shi ne kasonsa: ka raba yadinsa da jimillar yadin jifan ƙungiyarsa a kakar, ka yi haka ga cin maki ma. Wanda ya ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku na jifan ƙungiyarsa, shi ne mai jifa ke nema idan al'amari ya ƙwaɓe, kuma shi ne abokan hamayya ke shirya wa tarko duk mako amma yana kuɓucewa. Ga ɗan ƙaramar makaranta, wannan sharaɗi ne da ba a sassautawa. Wanda bai fi ƙarfin tsaran wasansa a ƙaramin rukuni ba, babu dalilin sa ran zai tsaya gaban ƙwararru.

Sai ka duba shekarunsa lokacin da ya fara fice. Yaro ɗan shekara 19 da ya yi zarra a kan 'yan 22 ya nuna abin da ɗan shekara 24 da ya yi zarra a kan 'yan 19 bai nuna ba. Sai dai akwai uzuri ga wanda ya sauya matsayi. Jakobi Meyers ya shiga jami'ar NC State a matsayin mai jifa kafin a mayar da shi mai cafka, kuma a 2018 ya cafke ƙwallo 92. Jinkirin irin wannan ba laifi ba ne, hasali ma tsohon mai jifa yakan zo da fahimtar yadda masu tsaro ke jeruwa.

Ka kuma tambayi su wa yake gogayya da su a cikin ƙungiyarsa. Wanda ke bayan mutum biyu da aka zaɓa a zagayen farko yana da hujjar ƙarancin alƙaluma.

Mataki na uku: zauna da faifan wasa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi yin ƙwauro. Gajeren bidiyon da ake yaɗawa a intanet, wanda aka tattara kyawawan cafka aka haɗa da kiɗa, tallar haja ce. Mai sayen rago ba ya tsayawa ga kyan ƙaho, sai ya buɗe baki ya ga haƙora. Ka nemi cikakkun wasanni aƙalla uku: wanda ya fi haskakawa, wanda ya fi dusashewa, da wanda ya kara da ƙungiya mafi ƙarfi. Idan ka sami hoton da aka ɗauka daga saman fili, wanda ke nuna 'yan wasa 22 gaba ɗaya, ya fi na talabijin nesa ba kusa ba, domin kyamarar talabijin ƙwallo take bi, mai cafka kuwa yakan fice daga allo tun a taku na biyar. Ka kalli duk wasan da ya shiga, har da waɗanda ba a jefo masa ba.

Fara da tashinsa daga layi, wato layin da ɓangarorin biyu ke jeruwa a kai kafin a saki ƙwallo. Ka ware lokutan da mai tsaron gefe ya matso ya tsaya masa hanci da hanci, ka rage gudun bidiyon, ka zuba ido ga ƙafafunsa da hannayensa a daƙiƙar farko. Gwani yakan taka ƙafa ɗaya waje kamar can zai bi, ya sa mai tsaron ya karkata ƙugu, ya kaɗe hannun da aka miƙo masa, ya sunkuyar da kafaɗa ya ratsa ta ciki, duk a taku uku. Wanda bai iya ba za ka ga an dafe masa ƙirji, ya tsaya yana kokawa, ko ya yi doguwar kewaya har gefen layi, kafin ya kuɓuta mai jifa ya riga ya juya ga wani. A jami'o'i da yawa ana barin masu cafka su tashi babu mai taɓa su, saboda haka idan ba ka sami ko misali biyar na irin wannan matsi a faifansa ba, ka rubuta cewa ba a gwada shi ba tukuna, kada ka ba shi makin da bai nema ba.

Daga nan sai karyar kwana. Kusan duk hanyoyin gudun mai cafka suna farawa iri ɗaya, a miƙe, sannan a karya ciki, ko waje, ko a dawo baya, ko a zarce. Sirrin shi ne mai tsaro ya kasa gane wanne ke zuwa. Ka ƙirga takun da yake yi kafin ya tsaya daga cikakken gudu. Uku yana da kyau. Biyar ko shida na nufin mai tsaron NFL zai riga shi isa wurin ƙwallo. Ka lura ko yana ɗaga kafaɗa ko rage gudu kafin ya karya, domin wannan tamkar sanarwa ce. Ka lura kuma ko yana sauke ƙugu ya juya a kaifi, ko kuwa yana zana baka. Wannan fasaha ce ta ɗaga Welker da Baldwin, kuma ita ce ta fi saurin bin ɗan wasa daga jami'a zuwa gasar ƙwararru ba tare da ta ragu ba.

Hannu shi ne na uku. Shin yana miƙa hannu ya tari ƙwallo nesa da jiki, ko yana jira ta faɗo masa a ƙirji? Mai cafka da ƙirji yana ba mai tsaro rabin daƙiƙar da zai sa hannu ya kaɗe. Ka ƙirga ƙwallayen da suka taɓa hannunsa biyu suka faɗi, ka raba su gida biyu: na gaggawar juyawa kafin a riƙe, wanda koci ke iya gyarawa, da na tsoron karo, wanda ba kasafai yake gyaruwa ba. Jifan da ya ratsa tsakiyar fili, inda ya san za a buge shi da zarar ya taɓa ƙwallo, shi ne ke tona wannan.

Akwai hattara guda game da ɗan wasan da duk bajintarsa ita ce tsalle ya ƙwace ƙwallo a kan mai tsaro. Abin yana da ban sha'awa, amma ka tambayi kanka me ya sa kullum akwai mutum manne da shi. Idan bai iya raba kansa da ɗan jami'a ba, masu tsaron NFL sun fi tsawo, sun fi tsalle.

Kada ka manta da bambancin dokoki. A jami'a ƙafa ɗaya a cikin fili ta isa a karɓi cafka, a NFL sai biyu, don haka ka duba ko yana da al'adar jan ƙafa ta biyu a bakin layi. A ɗaya ɓangaren, dokar NFL ta hana mai tsaro tura mai cafka bayan yadi biyar daga layin farawa, abin da ke taimakon ƙananan 'yan wasa masu kaifin juyi.

Abu na ƙarshe a faifai shi ne abin da yake yi idan ba shi za a ba ƙwallo ba. Yana tare wa mai gudu hanya da gaske, ko yana tafiya kamar an aike shi dole? Kociyoyi suna ganin wannan kafin komai.

Mataki na huɗu: ajiye gwajin jiki a matsayinsa

Gudun yadi 40, kimanin mita 36 da rabi, shi ne gwajin da aka fi zuzutawa. John Ross ya yi shi a daƙiƙa 4.22 a 2017, Bengals suka ɗauke shi na tara a zaɓen, amma bai taɓa kaiwa yadi 600 a kaka guda ba. Meyers ya yi 4.63, ba a zaɓe shi ba, ya kuma haura yadi 1,000 a 2024 tare da Raiders. Ka yi amfani da agogo wajen tabbatar da abin da ka gani a faifai. Ga wanda zai tsaya ta ciki, kusa da layin manyan 'yan wasa, gwajin zagaya alamomi uku da na kai-komo sun fi gudun miƙe faɗin gaskiya. Ga wanda zai tsaya can waje, tsawo, da tsawon hannu, da tsalle suna da nauyi. Lokutan da aka ɗauka da agogon hannu a harabar jami'a kuwa sukan fi na Indianapolis sauri, sai a yi musu ragi.

Mataki na biyar: bi sawun kuɗi, ka duba gidan da ya faɗa

Wanda ba a zaɓa ba yana da gata ɗaya da ɗan zagaye na bakwai ba shi da ita: shi ke zaɓar ƙungiya. Kwantiraginsa na shekara uku ne, na wanda aka zaɓa kuwa huɗu, amma tsawon ba shi ne abin dubawa ba, domin ana iya sallamarsa gobe. Abin dubawa shi ne kuɗin da aka lamunce masa ko da an sallame shi. Idan ƙungiya ta lamunce masa kuɗi mai kauri fiye da sauran takwarorinsa, alama ce cewa an yi rububinsa, kuma tana da niyyar riƙe shi aƙalla a tawagar atisaye, wato 'yan ajiyar da ke atisaye da ƙungiya amma ba sa cikin mutum 53. Wanda aka kira gwaji kawai, ba tare da kwantiragi ba, yana can ƙasan tsani, ko da yake daga nan Thielen ya taso.

Sai ka ɗauki takarda ka jera masu cafkar ƙungiyar. Yawanci biyar ko shida ake bari, wani lokaci bakwai. Cire waɗanda ke da manyan kwantiragi, cire waɗanda aka zaɓa a zagayen farko-farko cikin shekara biyu da suka wuce, domin shugabanni ba sa son a ce zaɓinsu ya lalace da wuri. Abin da ya rage, sau da yawa gurbi ɗaya ne ko biyu, kuma mutum biyar ko shida ke nemansa. Doug Baldwin ya faɗa Seahawks a 2011 lokacin da ƙofa ke buɗe, ya kuma jagoranci ƙungiyar a shekararsa ta farko da cafka 51 da yadi 788. Ɗan wasa mai irin baiwarsa da ya faɗa ƙungiyar da ta cika maƙil zai iya ƙarewa a benci ba tare da an san shi ba. Ka duba kuma ko tsarin kocin yana amfani da irinsa. Mai kaifin juyi a ƙungiyar da ke son dogayen jifa kaɗai ya ɓata hanya.

Mataki na shida: shin zai iya wasan bugu?

Mai cafka na biyar ko na shida ba ya ganin jifa sosai a ranar wasa, don haka dole ya biya kuɗin kujerarsa ta wata hanya, wato a rukunin da ke fita lokacin bugun ƙwallo: ko ya karɓi bugu ya dawo da shi, ko ya ruga ya kayar da mai dawowa, ko ya tare. Welker ya mayar da bugu har gida sau 8 a jami'ar Texas Tech. Chargers sun sallame shi bayan wasa ɗaya a 2004, Dolphins suka ɗauke shi saboda wannan fasaha, har a wani wasa da Patriots a shekarar ya dawo da bugu, ya kuma buga ƙwallo ta shiga tsakanin sanduna da mai bugunsu ya ji rauni. Sai a 2007, bayan an sayar da shi ga Patriots, ya cafke 112. Thielen ya kwashe 2013 a tawagar atisaye, ya cafke ƙwallo 8 kacal a 2014 da 12 a 2015, amma a 2014 ya tare bugun Panthers ya ɗauka ya kai gida, kuma irin wannan aiki ne ya riƙe shi a Vikings kafin ya bunƙasa, har a 2018 ya cafke 113. Shaheed ma da dawo da bugu ya shiga jerin gwanayen gasar na 2023.

Saboda haka ka bincika ko ya taɓa yin wannan aiki a jami'a. Taurarin manyan makarantu da yawa ba su taɓa kayar da kowa ba, kuma ranar da aka ce su yi, sai jiki ya ƙi.

Mataki na bakwai: karanta sansani da wasannin share fage

Rahotannin watan Mayu da Yuni, lokacin da ake atisaye babu sulke kuma ba a yarda da karo ba, kada su ɗauke maka hankali. Kowane mai gudu yana kyau a gajeren wando. Daga ƙarshen Yuli, da aka sa sulke, sai ka bi abu uku. Da rukuni na nawa yake atisaye, kuma yana hawa? Shin babban mai jifa ya fara nemansa? Shin sunansa na fitowa a rukunin farko na wasan bugu?

A wasannin share fage uku, lokacin da ya shiga fili ya fi adadin yadinsa muhimmanci. Yadi 90 a zubi na huɗu, wato kashin ƙarshe na wasa, a kan mutanen da za a sallama mako mai zuwa, bai kai cafka biyu a zubi na farko ba. Victor Cruz ya cafke ƙwallo 6, yadi 145, ya kai gida sau uku a kan Jets a Agustan 2010, kuma wannan dare ya sama masa gurbi a Giants. Amma bai cafke ko ɗaya ba a kakar, rauni ya ajiye shi, sai a 2011, da tafiyar wani da raunin wani suka buɗe hanya, ya tara yadi 1,536.

A ƙarshen Agusta kowace ƙungiya kan sauko daga 90 zuwa 53, wato sama da mutum 1,100 ke rasa gurbi cikin 'yan kwanaki. Sabon ɗan wasan da aka sallama yakan shiga jerin da sauran ƙungiyoyi ke da damar ɗauka. Idan wata ta ɗauke shi, dole ta sa shi cikin 53 ɗinta, kuma wannan babbar shaida ce a kansa. Idan babu mai so, ƙungiyarsa na iya mayar da shi tawagar atisaye mai mutum 16, daga inda za a iya ɗago shi ya buga wasa har sau uku a kaka kafin a tilasta ba shi cikakken gurbi. Ka rubuta hukuncinka a ɗaya daga matakai uku: ɗan sansani, ɗan tawagar atisaye mai hanyar hawa, ko mai gurbi tun bana. Sannan ka ajiye takardar ka sake buɗe ta bayan kaka biyu ko uku, domin Rod Smith ya shafe 1994 a tawagar atisayen Broncos kafin ya tara cafka 849 da yadi 11,389, Miles Austin kuma sai a kakarsa ta huɗu, a 2009, ya fara wasa cikin 'yan farko, ranar da ya tara yadi 250 a kan Kansas City.